Yadda Aka Mayar da Hajarul Aswadi Gurbinsa

Malaman Sira, irin su Ibn Ishaƙ da Ibn Hisham, sun ruwaito cewa Ƙuraishawa sun sake ginin Ka'aba wajen shekara ta 605 Miladiyya, shekara 5 kafin aiko Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A sa'an nan shekarunsa 35 da haihuwa. Ambaliya ce ta raunana bangon Ɗakin, sai suka rushe shi, suka raba aikin ƙabila-ƙabila.

Gini ya tafi lami lafiya har aka kai gurbin Hajarul Aswadi. Nan fa aka tsaya, kowace ƙabila ta ce ita za ta aza shi. Banu Abdiddari suka kawo akushi cike da jini, su da Banu Adiyyi suka tsoma hannuwansu a ciki, suka yi alkawarin mutuwa a kan wannan girma. Aka yi kwana 4 ko 5 ana jan daga. Daga nan sai Abu Umayya ɗan Mugira, wanda ya fi kowa shekaru a cikinsu, ya ba da shawara a naɗa duk wanda ya fara shigowa ta ƙofar Masallaci ya yi hukunci. Da suka ga Al-Amin ne ya shigo, suka ce sun yarda.

To, mai karatu ya lura: wannan alƙali ba baƙo ba ne. Ɗan Banu Hashim ne, danginsa na cikin masu jayayya. Da ya ɗauki Dutsen shi kaɗai, ba wanda zai ce ya saɓa sharaɗi, amma sai a ce Banu Hashim sun ci riba. Da kuma ya noƙe don gudun zargi, abin da mutane da yawa ke kira adalci alhali tsoro ne, da takubba sun fita kube.

Sai ya ce a kawo mayafi. Ya shimfiɗa, ya ɗora Dutsen a tsakiya, ya umurci kowace ƙabila ta kama gefe guda. Suka ɗaga gaba ɗaya har daidai gurbin, sa'an nan ya sa hannunsa mai albarka ya zaunar da shi. Magina suka ɗora gini a kansa, har bango ya kai kamu 18.