Cibiyoyin Zurfin Ilmi da Arzikin Ƙasa: Darasi Daga Kwarin Kogin Haɗeja

Gabatarwa

Abin da ake nufi da cibiyar zurfin ilmi shi ne wurin da aka tara masana kimiyya da injiniyoyi da kayan bincike, aka haɗa su da masu jari da masu sana'a, domin su ɗauki shekaru suna fama da matsala guda mai wuya har su fito da abin da za a noma, ko a ƙera, ko a sayar. A yau da an ambaci irin wannan wuri sai hankali ya tafi ga kwamfuta. Amma tarihin kwarin Kogin Haɗeja ya nuna cewa maganar ta girmi kwamfuta, ya kuma nuna cewa ilmi ba ya zama arziki sai ya san ƙasar da zai yi wa aiki da mutanen da ke cikinta.

Yadda Abin Ya Kasance a Wasu Ƙasashe

A cikin shekarar 1973 ƙasar Taiwan ta kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu. A 1980 ta buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu, sa'an nan a 1987 kamfanin TSMC ya fito daga wannan cibiya, wanda a yau ya fi kowane kamfani a duniya ƙera wa wasu ƙwaƙwalwar na'urori. A wannan shekara ta 1973 dai Barazil ta kafa hukumar binciken aikin gona mai suna Embrapa. Masananta suka duƙufa a kan wani makeken daji mai ƙasa mai tsami wanda a da ake ganin ba ya nomuwa, suka gyara ƙasar da farar ƙasa, suka fito da irin waken suya mai jure zafi, har Barazil ta zo ta wuce kowace ƙasa sayar da waken suya a kasuwar duniya. Abin lura shi ne kowace daga cikinsu ta zaɓi matsalar da ta dace da halinta, ta kuma yi haƙurin shekaru ashirin ko fiye kafin ta ga riba.

Kogi da Masu Saninsa na Farko

Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa. Yakan bi ta Wudil da Ringim, ya iso Haɗeja, ya rarrabu cikin fadamu, reshe guda ya nufi tafkin Nguru ta mashigin Marma, sauran ruwan kuma ya haɗu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke faɗawa Tafkin Cadi. Tun kafin Sambo ya kafa mulkin Fulani a Haɗeja a wajen 1808, mutanen wannan kwari suna da ilminsu na ruwa. Manomi ya san irin shinkafar da ke tashi tare da ambaliya, ya san lokacin da zai bi sawun ruwa idan ya janye ya shuka wake. Masunci ya san inda kifi ke ƙyanƙyasa, makiyayi kuwa ya san ranar da zai sauko da shanu fadama. Wato fili ɗaya yakan ciyar da sana'a uku a shekara guda, kowace da lokacinta. Wannan ilmi bai shiga littafi ba, saboda haka waɗanda suka zo daga baya da ma'auni da taswira ba su sa shi cikin lissafi ba.

Samaru da Gyaɗa

Bayan da Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi a 1906, abin da ya fara sauya tattalin arzikin ƙasar shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, reshensa kuma ya bi ta Malam Madori ya kai Nguru wajen 1930, gyaɗa ta zama kuɗi. Cibiyar binciken da ta tallafi wannan ciniki tana Samaru ta Zariya, inda aka soma binciken aikin gona a 1922, aka kuma mayar da wurin ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Abubuwa biyu daga tarihin Samaru sun isa misali. Na farko, a shekarun 1960 wani masanin tattalin arziki mai suna David Norman ya bi manoman ƙauyukan Zariya yana auna aikinsu, ya gano cewa al'adar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wadda malaman gona ke yi wa kallon rashin wayewa, tana da riba kuma tana kare manomi daga asara. Na biyu, a 1975 wata cuta da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta halaka gyaɗa a kimanin hekta 700,000 a Arewa, a daidai lokacin da ake farfaɗowa daga farin 1973, dalar gyaɗa kuma ba ta sake tashi a Kano ba. Masanan Samaru da abokan aikinsu na ƙasashen waje sun shafe shekaru suna auratayyar iri kafin su fito da masu jure cutar, irin su Samnut 24 da aka saki a 2011. Wannan shi ne halin zurfin bincike: ba ya nuna da wuri, amma in babu shi annoba ɗaya takan rushe cinikin shekara sittin.

Madatsun Ruwa da Lissafin da Bai Cika Ba

Fasaha mafi girma da ta taɓa wannan kwari ita ce ta madatsun ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, aikin da aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da Haɗeja ke cikin Jihar Kano. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a 1992 kuma aka gama madatsar Calawa. Babu mai musun amfanin da aka samu. Birnin Kano ya sami ruwan sha, Kadawa da Kura suka zama gidan tumatir da alkama da shinkafa, Samaru ma ta kafa tashar binciken noman rani a Kadawa.

Sai dai an auna riba a bakin madatsa, ba a bi kogin an auna hasara a ƙasa ba. Filin da ambaliya ke rufewa tsakanin Haɗeja da Nguru ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, amma a farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba, fari da madatsu sun haɗu sun rage shi. Da aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, masana irin su Edward Barbier suka lissafa abin da fadama ke bayarwa na hatsi da kifi da itace, suka tarar cewa kowace ganga ta ruwa ta fi kawo amfani a fadama, ninki ba ninki, a kan abin da take kawowa a babban aikin noman rani na Kano.

Bugu da ƙari, kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma gudana shekara duka, saboda ruwan da ake saki daga madatsu. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Ta toshe mashigai, ta juya ruwa zuwa inda ba a so, gonakin wasu suka nutse, na wasu suka bushe, tsuntsayen jan-baki kuma suka sami mafaka a cikinta suna cinye hatsi.

Abin mamaki, fasahar da ta fi shiga hannun talaka ƙarama ce. A shekarun 1980 hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, da taimakon Bankin Duniya, ta yaɗa gajerun rijiyoyin burtsatse da ƙananan injunan ban-ruwa, suka maye gurbin jigo. Manomi ya karɓe su hannu biyu domin sun yi daidai da gonarsa da aljihunsa.

Kammalawa

Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana da makarantun da magabata ba su samu ba: cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, da Jami'ar Tarayya ta Dutse ta 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa ta 2013, da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin Haɗeja. An kuma gyara aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo, aka ƙaddamar da shi a 2023. Amma gini da na'ura ba su ne cibiya ba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna cewa tambayoyin wannan kwari suna nan suna jiran amsa: yaushe ya kamata a saki ruwa daga Tiga, nawa za a saki, wace shinkafa ce za ta jure nutsewa, me kuma za a yi da kacala? Hoton tauraron ɗan Adam da kwamfuta za su iya taimakawa ƙwarai, muddin mai riƙe da su ya zauna da manomi da masunci da makiyayi. Ƙasar da ke son arziki ta hanyar ilmi lalle ne ta kafa masananta a bakin matsalarta, ta ɗauki nauyinsu shekara da shekaru, ta kuma auna ribar aikinsu tun daga mafarin kogi har zuwa inda ya ƙare.