Shari'ar 'Yan Sandan Ciki a Birnin London

A shekara ta 1877 aka yi wata shari'a a London wadda ta girgiza Ingila duka. Waɗansu mazambata biyu, Benson da Kurr, sun daɗe suna cutar mutane da cacar ƙarya ta sukuwar dawaki, har suka cinye wa wata Bafaranshiya fam 10,000. Kullum aka tasam ma kama su, sai a tarar sun gudu. Ashe waɗansu manyan 'yan sandan ciki ke cin hanci suna tsegunta musu.

Da mazambatan suka shiga hannu suka tona asiri, Gwamnati ba ta rufe maganar ba. Aka kai manyan nan huɗu gaban alƙali, jaridu suna bugawa. Aka ɗaure uku shekara biyu biyu da aiki mai tsanani, aka sallami na huɗun. A 1878 aka sake sashen, aka ba Howard Vincent shugabancinsa.

To, 'yan makaranta, abin da muka gani a nan shi ne, da an ɓoye laifin, da zargi ya hau kan kowane ɗan sanda. Da aka yi shari'a a fili kuwa, mai laifi ya sha hukunci, talaka ya ga doka ba ta bar mai tsaronta ba.