Yadda Ake Adana Ayaba da Sauran 'Ya'yan Itatuwa a Gida

Mafi yawan ayabar da muke saya a kasuwanninmu ba a nan ake noma ta ba. Daga jihohin kudu irin su Edo da Ondo da Kuros Riba ake ɗauko ta a manyan motoci, ta kwana ɗaya ko biyu bisa hanya, a sauke ta a manyan kasuwanni kamar Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, sannan 'yan sari su rarraba ta zuwa kasuwannin ƙauye. Lemo kuwa galibi daga Binuwai yake zuwa, abarba daga kudu, tuffa kuma daga ƙasashen waje, musamman Afirka ta Kudu. Ke nan kafin magidanci ya shiga gida da ƙunshinsa, kayan sun riga sun ci rabin kwanakinsu a hanya. Abin da ya rage shi ne muke son bayyana yadda za a tattala shi, domin a yau kuɗin ayaba da lemo ba abin da za a zuba wa awaki ba ne.

Ɗan itace yana numfashi

Ɗan itacen da aka tsinke bai mutu ba. Yana ci gaba da shaƙar iska, yana ƙona sukarin da ke jikinsa, yana fitar da zafi da ruwa, kuma ba shi da uwar da za ta mayar masa da abin da ya rasa. Zafi ne ke gaggauta wannan aiki. Masana sun tabbatar da cewa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin salshiyos, saurin numfashin yakan ninka sau biyu, wani lokaci har sau uku. A watannin Maris zuwa Mayu zafinmu yakan kai digiri 40. Saboda haka abin da zai yi mako guda a ɗaki mai digiri 20 da wuya ya wuce kwana biyu a ɗakin kwano da tsakar bazara.

Bayan zafi akwai wata iska da ba a gani, ba a kuma jin warinta, wadda ake kira etilin. 'Ya'yan itatuwa da kansu suke fitar da ita, kuma ita ce ke ba su umarnin nuna. Dangane da wannan iska, kayan marmari sun kasu gida biyu, kuma wanda ya riƙe wannan rabo ya san mafi yawan abin da yake bukata. Ayaba da mangwaro da gwanda da gwaba da fiya da tuffa da tumatir suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su, suna kuma fitar da etilin mai yawa a lokacin. Lemo da abarba da kankana da inabi kuwa ba sa ƙara zaƙi da zarar sun bar uwarsu. Wanda ya sayi abarba mai tsami ya ajiye ta yana jiran ta yi zaƙi, zai ga ɓawonta ya sauya launi, ta yi laushi, daga nan ta ruɓe. Irin waɗannan a kasuwa ake zaɓen nunannu, ba a gida ake jiran su ba.

Ayaba

Tanadin ayaba a wurin saye yake farawa. Gida mai mutum biyar ko shida bai kamata ya sayi nono guda babba wanda duk ya yi ruwan ɗorawa ba, domin rana ɗaya zai nuna, rana ɗaya kuma zai lalace. Ya fi kyau a sayi kaɗan nunanniya ta yau da gobe, a haɗa da wata mai sauran kore ta jibi da gata. Idan za a ɗauki koriya, a duba jikinta: wadda ta ƙosa takan cika ta yi kewaye, wadda aka sare tun ba ta ƙosa ba kuwa gefunanta suna da kaifi, kuma ko ta nuna ba ta yin zaƙi sosai. A guji wadda ta fashe ko wadda wuyanta ya karye, domin ta wannan kafar ruɓa take shiga.

Da an isa gida, abu na farko shi ne a fitar da ita daga leda. Leda tana tara zafi da gumi da etilin wuri guda, baƙar leda kuma ta fi muni idan rana ta taɓa ta. A raba nunanniya da ɗanya, kowace da wurinta, ko da tazarar kusurwar ɗaki ce. A rataye nonon da igiya a wuri mai inuwa da iska, nesa da murhu da kuma rufin kwano. Amfanin ratayewa shi ne ayabar ba ta kwanta a kan 'yar uwarta balle nauyi ya danne ta. Duk inda ayaba ta bugu nan ne yake fara baƙi, kuma wurin da ya ji rauni yakan fitar da etilin fiye da sauran jiki. Wasu sukan naɗe wuyan nonon da ɗan ƙyalle ko leda. Ba mu hana ba, amma a ganinmu amfaninsa kaɗan ne idan aka kwatanta da inuwa da rabawa.

Akwai wani abin da ke ruɗar masu saye a lokacin bazara. Wasu irin ayaba, musamman doguwar nan, ɓawonsu ba ya komawa ruwan ɗorawa yadda ya kamata idan zafi ya haura digiri 25. Cikin yakan nuna ya yi laushi, ɓawon kuma yana nan da korensa. Mai jiran launi sai ya wayi gari ta narke. A irin wannan lokaci da yatsa da hanci ake gane nunar ayaba, ba da ido kaɗai ba.

Idan kuma so ake ta nuna da wuri, hanya mai tsabta ita ce a sa ta cikin kwali ko jakar takarda tare da nunanniyar ayaba ɗaya ko mangwaro, a rufe, a riƙa dubawa kullum. Kada a yi amfani da buhun taki ko na maganin ƙwari ko takardar siminti. Agada, wato ayabar suya, ita ma haka ake bi da ita, sai dai ta fi juriya, kuma ko ɓawonta ya yi baƙi tana soyuwa.

Firji ba na kowa ba ne

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa firji shi ne maganin kowace ajiya. Ga ayaba ba haka ba ne. Ita shukar ƙasashen zafi ce, kuma sanyin da ya gaza digiri 13 yana cutar da ita, alhali cikin firji yakan kasance wajen digiri 4 ko 5. Ɗanyar ayabar da ta kwana a firji ɓawonta yakan dushe ya koma ruwan toka, kuma ko an fito da ita ba za ta nuna daidai ba. Wadda ta riga ta nuna sarai ana iya sa ta: ɓawon zai yi baƙi, amma cikin zai ƙara 'yan kwanaki. Ɗanyen mangwaro da ɗanyar gwanda su ma sanyi yana ɓata su, sai sun nuna tukuna. Wannan ya shafi har waɗanda ba su da firji, domin a tsakiyar hunturu, cikin Disamba da Janairu, sanyin dare yakan sauka kusa da wannan iyaka ko ƙasa da ita. Ayabar da aka bari a tsakar gida ko a kan teburin mai sayarwa har asuba tana iya kamuwa. A shigar da ita ɗaki, a lulluɓe ta da ƙyalle.

Tuffa da inabi su ne masu son sanyi na gaske, lemo ma yana jure shi. Sai dai inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, kayan sukan yi gumi duk lokacin da firjin ya huce, gumin kuma shi ne abincin fumfuna.

Tukunya cikin tukunya

Ga gidajen karkara akwai dabarar da ta fi dacewa, kuma daga wannan yanki namu ta yi suna a duniya. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka tun cikin shekarun 1990, ya kuma sami kyautar Rolex a kanta a shekarar 2000. Ana samun tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sosai, a zuba kaya cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska tana busar da shi, bushewar kuma tana janye zafi daga ciki. Sirrin randa ke nan, wanda iyayenmu mata suka daɗe da sani. A gwaje-gwajen da aka bayar da rahotonsu lokacin kyautar, gauta ta yi kwana 27 maimakon 3, alayyafo kuma kwana 12 maimakon wuni guda.

Ana ƙara ruwa safe da yamma, a kuma ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a ƙuryar ɗaki ba. Tana aiki sosai da rani da bazara, lokacin da iska take bushe. Da damina, musamman cikin Agusta, sanyinta yakan ragu ƙwarai domin iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. Sanyinta bai kai na firji ba, kuma wannan ne ya sa ta dace da mangwaro da gwaba da lemo da tumatir. Amma a kula: tukunya rufaffen wuri ce, etilin yana taruwa a ciki. Nunanniyar ayaba ɗaya tana iya sa ganye ya yi ruwan ɗorawa, kokwamba ta yi laushi. Wanda ke da hali ya yi tukwane biyu. Albasa da busasshen dabino ba sa shiga ko kaɗan, domin su bushewa suke so.

Sauran kaya

Mangwaro yana fitar da wani farin ruwa ta wajen da aka tsinke shi, wanda ke ƙona ɓawo ya bar baƙin tabo. A goge shi, a jera mangwaron bisa faifai ko tabarma ba tare da tulawa ba. Lemo yana yin mako guda ko fiye a kwando mai iska, amma a riƙa juya shi kullum, kuma duk wanda ya fara fitar da koriyar fumfuna a cire shi nan take, domin ƙurarta tana bin sauran. Da hunturu yakan yanƙwane, sai a rufa masa ƙyalle mai ɗan danshi. Kankana da ba a yanka ba tana iya kai mako biyu a wuri mai sanyi, muddin ba a haɗa ta da ayaba ko mangwaro ba, domin etilin yana lalata tsokarta. Ba a wanke kayan marmari kafin ajiya. Lokacin ci ake wankewa da ruwa mai tsabta, har da waɗanda za a ɓare, domin wuƙa tana ɗaukar dattin ɓawo ta kai shi ciki.

Da zarar an yanka, lissafi ya sauya daga kwanaki zuwa sa'o'i. Yankakkiyar kankana ko abarba ko gwanda bai kamata ta wuce sa'a biyu a waje ba, idan zafi ya haura digiri 32 kuma sa'a ɗaya. Muna jan hankalin iyalai a kan wannan musamman a watan azumi, lokacin da akan yanka kaya tun la'asar a ajiye har bayan tarawihi. A yanka dab da shan ruwa, gwargwadon abin da za a cinye. Duk wanda aka ga haƙorin ɓera ko na jemage a jikinsa a zubar da shi gaba ɗaya, ba a yanke wurin a ci saura ba. Ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lasa ta fitsarinsa da kashinsa, kuma cutar ta fi tashi da rani.

Kabayid

Wasu 'yan kasuwa suna nunar da ayaba da mangwaro da kabayid, wato sinadarin da masu walda ke amfani da shi. Idan ya haɗu da danshi yana fitar da iskar asitilin, wadda ke kwaikwayon etilin. Illarsa ita ce yana ɗauke da gurɓatattun sinadarai irin su asenik da fosfaras. Hukumar NAFDAC ta haramta amfani da shi wajen nunar da kayan marmari, ta kuma sake fitowa da gangamin wayar da kai a kansa a shekarar 2023. Alamomin da za su sa a yi shakka su ne ɓawo ya yi ruwan ɗorawa bai ɗaya alhali wuyan nonon yana kore shar, ciki ya yi tauri ba zaƙi ba ƙamshi, ko a ga farin gari a jikin kayan. Waɗannan alamu ne kawai, ba hujja ba, don haka kada a yi saurin tuhumar mai sayarwa da su. Irin wannan kaya ba ya ajiyuwa: yakan yi baƙi cikin ɗan lokaci. Hanya mafi aminci ita ce a sayi ƙosasshiyar koriyar ayaba a nunar da ita a gida.

A nan ne aikin shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa yake shigowa. Babu dabarar cikin gida da za ta ceto ayabar da ta wuni a rana bisa tire a bakin tasha. Rumfar zana ko ta kara a sashen masu kayan marmari ba ta da tsada, kuma ta fi rumfar kwano sanyi. Ma'aikatan duba-gari su riƙa leƙa ɗakunan da ake nunar da kaya, ba teburan sayarwa kaɗai ba, domin a can ake ɓoye ƙullin kabayid a ƙarƙashin tuli. Malaman gona kuma za su iya haɗa maginan tukwane da ƙungiyoyin mata, a gina tukwanen bi da bi, ƙaramar ta zauna cikin babbar da tazarar yatsu biyu ko uku ta yashi a kowane gefe.