Sarki Buhari na Haɗeja: Wanda Aka Tuɓe Ya Ƙi Tuɓuwa

A shekarar 1850 Wazirin Sakkwato Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo ya sauka a Katagum ɗauke da umarnin Sarkin Musulmi Aliyu Babba: a tuɓe Sarkin Haɗeja Buhari, a naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. An cika umarnin, amma naɗin bai wuce shekara guda ba. A 1851 Buhari ya komo da mayaƙansa ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa, Haɗeja kuwa ta shafe shekara goma sha biyu ba ta karɓar umarni daga Sakkwato. Wannan ɗaya ne daga cikin manyan tawayen da Daular Usmaniyya ta gani daga cikin gidanta, kuma tambayar da ya tayar tana nan har yau: wane ne ke da ikon ɗora mai gari, wane ne kuma ke da ikon sauke shi?

Kafin jihadi, ƙasar da ake kira Haɗeja a yau ƙananan sarautu ce bakwai: Auyo, Haɗeja, Garin Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, kuma Barno suke bi. Fulanin yankin, ƙarƙashin Umaru da ƙaninsa Sambo, su ne suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, suka haɗe sarautun wuri guda. Sambo ya yi mulki daga 1808 zuwa 1845, ya yi murabus ya bar wa ɗansa Garko. Garko ya rasu bayan shekara biyu, Abdulƙadir ya gaje shi, shi ma bai daɗe ba. A 1848 sarauta ta faɗo tsakanin wasu 'ya'yan Sambo biyu, Ahmadu da Buhari. Labarin da ya shahara shi ne tsohon sarki ya fi son Ahmadu, amma Buhari ne ke da goyon bayan mayaƙa da manyan bayin fada, saboda haka shi ya hau.

Abin da ya fusata Sakkwato shi ne kashe Nalara, Sarkin Auyo, ɗan'uwan Buhari na jini kuma wanda ake ganin zai iya jan hankalin jama'a gare shi. A tsarin daular, sarki naɗaɗɗe ne a ƙarƙashin Shari'a, ba shi da hurumin zubar da jinin Musulmi ba tare da hukuncin alƙali ba. Sarakunan gabas kuma a ƙarƙashin kulawar Waziri suke. Ta hannunsa naɗi yake zuwa, ta hannunsa tuɓewa take zuwa. Ta fuskar ƙa'ida, hujjar Aliyu Babba ba ta da gyara. Matsalar tana wajen zartarwa.

Sakkwato ba ta da rundunar dindindin da za ta tura gabas. Duk lokacin da aka so yaƙi, sai an rubuta wa sarakuna kowa ya kawo dawakinsa, kuma kowane sarki yana da nasa maƙiyan a bakin iyaka. Shi kansa Sarkin Musulmi hannunsa cike yake: a 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a Argungu, Gobirawa da Katsinawan Maraɗi kuma ba su daina kawo hari ba. Haɗeja tana can ƙarshen gabas, tafiyar makonni, kafaɗa da kafaɗa da Barno, wadda Shehu Umar ɗan El-Kanemi ke mulka. Da aka kori Buhari, can wajen iyakar Barno ya nufa, ya sami mafaka da gudummawa, domin duk abin da zai raunana Sakkwato riba ce ga Kukawa. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya ratsa ta Gumel a 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya ambaci Buhari a rubutunsa da irin fargabar da ta cika hanyoyin yankin.

Ƙasar ita ma ta taimaka masa. A ƙasan Haɗeja kogin yana rarrabuwa ya zama rassa da tafkuna da fadamu har zuwa Nguru. Da damina ruwa yakan malale ya datse hanyoyi, doki ba ya iya sukuwa a laka, baƙon da bai san mashigi ba kuwa sai ya tsaya. Da rani fadamar nan ce ke ba da shinkafa da kifi da ciyawar dawaki. Wanda ya riƙe Haɗeja da ganuwarta yana da abinci a lokacin da rundunar da ta taso daga nesa take neman abin da za ta ci.

An gwada ƙarfi a 1853. Sakkwato ta tara runduna daga masarautu da dama, Kano ce ta kawo kaso mafi girma ƙarƙashin Galadima Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano Maje Karofi. Buhari bai jira su a bayan ganuwa ba. Ya far musu a Kaffur, rundunar ta watse. Wannan shi ne Gamon Kaffur, kuma bayansa ba a sake tara irin wannan taron a kansa ba.

A nan ne ra'ayi ya rabu a kan mutumin. A Haɗeja ana tuna shi a matsayin jarumin da ya faɗaɗa ƙasar, ya haɗiye Marma, ya sa maƙwabta suka riƙa shakkar garin. A ƙasashen Katagum da Jama'are da gabashin Kano kuwa, abin da aka riƙe shi ne ƙauyukan da aka ƙone da 'ya'yan Musulmi da aka kama aka sayar, abin da jihadin da ubansa ya yi wa aiki ya tashi domin hanawa. Duka labaran biyu gaskiya ne. 'Yancin da Haɗeja ta samu daga Sakkwato ya zama 'yancin sarki daga kowane mai tsawatarwa, kuma talakawan maƙwabta ne suka biya kuɗinsa.

Buhari ya rasu a 1863 a yaƙin da ya kai ƙasar Bade, a Gogaram. Abin lura shi ne yadda tawayen ya mutu tare da shi. Ɗansa Umaru ya nemi sulhu, Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ya karɓa, Haɗeja ta koma cikin daular da iyakokin da takobi ya faɗaɗa mata. A 1865 sarauta ta koma hannun Haruna ɗan Sambo, wanda ya yi shekara ashirin. Ɗansa Muhammadu shi ne ya ƙi miƙa wuya ga Turawan Ingila, aka kashe shi a cikin garin a watan Afrilu na 1906, ake kiransa Mai Shahada.

Tun daga nan ikon naɗi da tuɓewa ya yi ta sauya hannu. Turawa suka riƙe shi ta hanyar Razdan da tsarin En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da gudanar da mulkin yau da kullum, ya miƙa wa zaɓaɓɓun majalisu. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, aka sa hedikwatarta a Dutse, kuma yau masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas cikin 27 na jihar. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lamunce zaɓaɓɓun majalisu, amma gwamnoni a jihohi da yawa sun yi ta rusa su suna naɗa kantomomi, suna kuma riƙe kuɗinsu a asusun haɗin gwiwa. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hakan ya saɓa wa doka, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye.

Masu murnar wannan hukunci suna da hujja, domin shugaban da gwamna zai iya sallama da takarda guda gwamna zai yi wa aiki. Tarihin Buhari yana nuna ɗaya ɓangaren: tsakanin 1851 da 1863 babu wanda ya isa ya sauke shi, daga sama ko daga ƙasa, kuma mutanen Marma sun ga abin da hakan ke haifarwa. Idan an ɗauke hannun gwamna, waɗanda suka rage su tsawatar wa shugaban ƙaramar hukuma su ne kansiloli da masu binciken kuɗi da kotu da kuma akwatin zaɓe, wanda har yanzu hukumar zaɓe ta jiha ce ke kula da shi.