Soson da Aka Tace, Ya Sake Haɗe Kansa

In ka sayi sabulu a unguwar PZ ta Zariya, sai ka nemi soso. Sunan unguwar ma daga kamfanin Paterson Zochonis ya fito, masu sabulun nan. A kasuwar Sabon Gari za ka tarar da soson yaɗo, wanda ake ɓare busasshen ɗansa a kakkaɓe iri, ga na raga, ga na katifa. Akwai kuma soson teku, wanda ba kasafai yake zuwa Zariya ba, kuma shi dabba ne mai rai, ko da yake ba shi da baki, ba ciki, ba ƙwaƙwalwa. A manne yake da dutse, yana zuƙar ruwa ta ƙananan ƙofofin jikinsa yana tace abinci.

A shekarar 1907 wani malamin jami'a a Amurka, Henry Wilson, ya yi wa wannan dabba abin da mata ke yi wa gasara. A garin Beaufort na gaɓar teku ya yayyanka jan soso, ya ƙunshe shi a ƙyallen siliki, ya matse a cikin ruwan teku. Abin da ya zubo kamar ruwan koko ne, ƙwayoyin halitta a warwatse, kowace ta kama gabanta. Da ya sa madubin ƙara girma, sai ya ga suna rarrafe a gindin kwano, in biyu suka haɗu sai su manne. Suka zama gudaji-gudaji, bayan kwanaki kuma gudajin suka buɗe hanyoyin ruwa, suka koma ƙananan soso masu rai. Da ƙyalle fa, ba da wata na'ura mai tsada ba.

To me ke manne su? An daɗe ana kai ruwa rana. Paul Galtsoff ya nuna a 1925 cewa sai da sinadarin kalsiyam a ruwan. A 1963 Tom Humphreys ya wanke soso da ruwan da aka cire wa kalsiyam da maganiziyam, ƙwayoyin suka rabu, wani abu mai kama da gam ya fita daga jikinsu ya zauna a ruwan. Da aka mayar musu da shi tare da kalsiyam, suka sake rungumar juna. Abin da ya fi burge ni shi ne gam ɗin ya san dangi: na jan soso ba ya haɗa ƙwayoyin wani jinsin, sai nasa.

Daga nan tambayar ta koma jikin ɗan Adam. Masatoshi Takeichi na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano a 1977 cewa ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa ma suna da mannewar da ke buƙatar kalsiyam, aka kuma sa wa sinadarinta suna kadherin a 1984. Gam ne daban da na soso, amma aikinsu ɗaya. Idan kadherin ya yi rauni, ƙwayoyin ciwon daji kan ɓalle daga inda suka tsiro su bi jini zuwa huhu ko hanta, abin da likitoci ke nufi in sun ce cutar ta bazu.

Ɗalibin kimiyyar halittu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, in ka iso babin mannewar ƙwayoyi, ka nemi takardar Wilson ta 1907 ka karanta da kanka.