Basasar Kano: Yadda Aka Ci Birni Daga Ƙauye

Duk wanda ya dubi abin da ya saura na ganuwar Kano yakan ce a ransa, wanda ke cikin wannan gari a zamanin mashi da kibiya ba mai iya fitar da shi. Kewayenta ya kai mil 11, tana da ƙofofi 13, kowace ƙofa kuwa ƙunci gare ta, ga gwalalo a bayanta. Amma cikin shekarar 1894 an fitar da sarki daga cikinta, waɗanda suka fitar da shi kuwa 'yan'uwansa ne na jini. Yadda wannan ya auku shi ne abin da muke so mu bayyana, domin akwai abin lura a ciki ga duk wanda aka danƙa wa riƙon jama'a.

Asalin al'amarin shi ne, Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya bar 'ya'ya, uku daga cikinsu suka yi sarauta bi da bi: Usman, da Abdullahi Maje Karofi, da Muhammadu Bello. Abdullahi ya daɗe bisa gado, ya bar 'ya'ya masu yawa. Da Bello ya hau sai ya riƙa tuɓe su daga sarautunsu, ya ɗaukaka ɗansa Tukur har ya naɗa shi Galadima. Cikin 1892 Tukur ya yi jaruntaka a yaƙin Argungu a gaban Sarkin Musulmi Abdurrahman, ya shiga ransa ƙwarai. Saboda haka da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi ya umurci Waziri Buhari ya naɗa Tukur, ko da yake zukatan yawancin manyan Kano suna wajen Yusufu ɗan Abdullahi. Yusufu bai yi mubaya'a ba. Ya fita da 'yan'uwansa da barorinsa da bayin gidan ubansa, ya sauka Takai, kudu maso gabas da birni, garin da ya sani tun sa'ad da ake tsaron iyaka da Ningawa. Daga nan aka sami Yusufawa da Tukurawa.

Shawarar farko da Yusufu ya yanke kuskure ce. Da ya ga jama'a na ta kwararowa gare shi, sai ya yi gaggawa ya kawo wa birni hari, yana zaton na ciki za su tashi su taimake shi. To, ƙarfin rundunar wannan zamani yana ga dawaki ne. 'Yan lifidi su ne kan gaba, su fasa sahun abokan gaba, sa'an nan barade su bi ta ɓarakar, dakaru da 'yan baka da 'yan bindiga suna tallafa musu. Wannan tsari sai a fili yake aiki. A gindin ganuwa doki ba shi da wurin sukuwa, a bakin ƙofa kuwa mahayi goma ba su fi biyu amfani ba, ga kibau na zubowa daga sama. Aka kori Yusufawa, aka kashe na kashewa, aka kama da yawa.

A ran nan nasara tana hannun Tukur, amma shawarwari biyu da ya yi suka ɓatar da ita. Ta ɗaya, ya tsananta wa kamammu, aka kashe waɗansu, aka sayar da waɗansu bayi, alhali kuwa Musulmi ne 'ya'yan gari, kowane yana da dangi cikin birni. Waɗanda dā suke tsakatsaki suka tsorata, waɗanda ke Takai kuwa suka tabbata ba sauran komowa sai da takobi. Ta biyu, ya fi dogara ga zama cikin ganuwa, yana jiran gudummawar da Sarkin Musulmi ya umurci sarakuna su kawo masa. Yawancinsu kuwa suka yi sanyin jiki, gama ba su ga dalilin zubar da jinin mutanensu cikin rigimar gidan Dabo ba.

Yusufawa suka koyi karatu daga kayen da suka sha. Suka bar ganuwa, suka juya kan garuruwan gabas da kudu, suna bin su ɗaya ɗaya. Wanda ya yi caffa a bar masa sarautarsa, wanda ya ƙi a yaƙe shi, kamar yadda aka yi wa Gaya. Suka kuma sami taimakon Gumel. Hikimar wannan dabara a fili take. Birni ba ya noma abin da zai ci. Hatsi da dawaki da mayaƙa da haraji duk daga ƙauye suke shigowa. Kowane gari ya faɗi, rundunar Yusufu ta ƙaru, ta Tukur ta ragu, ba tare da an sake taɓa ganuwa ba. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

Ana cikin haka, a 1894, ajali ya sami Yusufu a Garko. A nan ne al'amarinsu ya fi kusa da lalacewa, domin runduna ce ta 'yan sarki da yawa, kowa yana ganin ya isa. Amma manyansu, tare da manyan bayi irin su Shamaki Harisu, suka haɗa kai a kan Aliyu Babba, ko da yake akwai waɗanda suka girme shi. Dalili kuwa, mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, suka hango cewa in Allah ya ba su gari, shi ne wanda Sakkwato za ta fi saurin yarda da shi. Wannan shawara ta ɗakin taro ta yi aikin da dubun mashi ba su yi ba.

Cikin daminar shekarar nan Aliyu ya taso wa birni, ya same shi ba kamar dā ba, masu tsaro sun yi ƙaranci, zukata sun rarrabu. Yusufawa suka shiga, Tukur ya fita da sauran jama'arsa, ya nufi ƙasar Katsina, ya sauka Kamri. Aliyu bai maimaita kuskuren Tukur ba. Ya san muddin sarkin da Sakkwato ta naɗa yana da rai da runduna a bakin iyaka, zamansa a Gidan Rumfa aro ne. Ya fita ya bi shi. Cikin watan Maris 1895 aka haɗu a Tafashiya, aka fatattaki Tukurawa, Tukur ya sami raunin da ya zama ajalinsa. Daga baya Sarkin Musulmi ya yarda da sarautar Aliyu.

Talakawa da fatake su suka ɗauki nauyin wannan fitina. An ƙone garuruwa, an washe dukiya, an bautar da 'ya'ya. Alhassan Ɗantata, wanda daga baya ya kafa gidansa a Koki ya zama babban attajirin Kano, yana saurayi aka kama shi tare da 'yan'uwansa, sai da fansa suka kuɓuta. Aliyu kansa bai cika shekara goma ba, ran 3 ga Fabrairu 1903 Turawa suka fasa ganuwar da igwa yana can wajen Sakkwato, aka naɗa ɗan'uwansa Abbas, shi kuwa ya ƙare kwanansa a Lakwaja cikin 1926.

Mai karatu ya duba. Tukur yana da takardar naɗi, yana da ganuwa, yana da jaruntaka, bai rasa kome ba sai yardar mutane, ita kuwa a ranar nasararsa ya zubar da ita. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta ta kowane ɓangare, ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan rana, amin.