Caccakar Juna A Tsakanin Kajin Gida: Dalilai, Jinya Da Rigakafi

A unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni, kamar sauran sassan birnin Kano masu cunkoso, kiwon kaji ya zama abokin albashi da kasuwanci. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa kan kafa keji a lungun tsakar gida, ko a ƙarƙashin matakalar bene, ya zuba kaji goma ko ashirin domin ƙwan gida ko cinikin Sallah. Daga cikin asarar da irin wannan kiwo ke jawowa akwai caccakar juna: kaji su taru a kan guda, su fige ta, su ji mata rauni, wani lokaci har su kashe ta kafin mai gida ya dawo daga aiki. Galibi tushen matsalar yana cikin yadda aka ajiye kajin, shi ya sa gyaran wurin kiwo ya fi kowane magani tasiri.

Faɗan girma da faɗan ɓarna

Kaji dabbobi ne masu tsarin girma. Kowace ta san wadda ke gaba da ita da wadda ke bayanta, kuma babba ce ke fara kai baki ga abinci da ruwa. Masanin dabbobi ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ne ya fara bayyana wannan tsari a kimiyyance a shekarar 1921. Idan an haɗa kajin da ba su san juna ba, sukan yi 'yan kwanaki suna gwada ƙarfi: a kai sara a ka ko a zanko, mai rauni ta kauce, faɗa ya mutu. Wannan ba ya buƙatar sa baki, domin da kansa yake lafawa da zarar kowa ta san matsayinta.

Abin da ke buƙatar gaggawa ya kasu kashi uku. Na farko shi ne figar gashi, inda kaji ke tsige gashin baya da na gindin wutsiya na 'yar uwarsu, wani lokaci su haɗiye. Na biyu shi ne caccakar dubura, wanda ya fi yawa ga masu ƙwai, musamman sagarun da suka fara nasawa, lokacin da jan naman wurin ke bayyana bayan fitar ƙwai. Shi ne mafi haɗari, don kaji kan iya zaro hanjin 'yar uwarsu. Na uku shi ne tsangwama, inda ake hana kaza ɗaya ci da sha har ta rame, ta koma raɓe a kusurwa. Jan launi na jan hankalin kaza ƙwarai. Da zarar jini ya fito, waɗanda ba ruwansu da faɗan ma sukan shigo, kuma ɗabi'ar kan yaɗu a garke ta hanyar kwaikwayo.

Abubuwan da ke haddasa shi

Cunkoso ne kan gaba. Kazar Hausa da ke yawo a ƙauye tana da wurin gudu idan an kore ta, amma wadda ke cikin keji mai faɗin taku biyu ba ta da mafaka. A kiwon gida, abin da ya fi dacewa shi ne manyan kaji uku zuwa huɗu a kowane murabba'in mita na ƙasa. 'Yan tsaki talatin da suka wadatu da keji a makon farko sukan cika shi maƙil a mako na biyar, musamman kajin gidan gona masu saurin girma.

Zafi na biye. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai digiri 40, alhali kaza ba ta gumi. Da haki take rage zafin jikinta. Kejin da aka rufe da kwano aka jingina da katanga mai kallon rana kan mai da kaji masu saurin hasala.

Sai abinci. Tsadar buhun abincin kamfani kan sa mai kiwo ya koma ga dusar masara da ragowar tuwo zalla. Waɗannan suna cika ciki amma ba su da isasshen sinadarin gina jiki. Kaza mai ƙwai na buƙatar kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari na wannan sinadari a abincinta, tare da ɗan gishiri da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Gashin kaza kusan duka sinadarin gina jiki ne, saboda haka idan aka ga keji babu gashi ko ɗaya a ƙasa alhali bayan kajin ya zama tsirara, alama ce cinyewa suke yi.

Akwai kuma haɗa baƙi da 'yan gida. Mutum ya biya Kasuwar Tarauni ya sayo zakara biyu ko kaza uku, ya jefa su cikin keji da tsakar rana, sai tsarin girma ya rushe a fara sabon faɗa. Haka nan haɗa ƙanana da manya, ko kaji da zabi da talotalo a ɗan ƙaramin wuri. Yawan zakaru ma matsala ne: zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, idan sun fi haka bayan matan kan ɗaye saboda yawan barbara. Ragowar dalilan sun haɗa da ƙwan lantarki mai haske da ake bari har asuba, da ƙuma da ƙwarƙwata da ke sa kaza ta tsige kanta, da zaman banza a kan waya ko siminti inda babu abin tono.

Jinyar wadda aka ji wa rauni

Mataki na farko shi ne a fitar da ita nan take. A sa ta a kwando ko kwali mai iska, a inuwa, da ruwa da abinci a gabanta. Idan jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta na 'yan mintuna. Daga nan a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, wanda aka narkar da gishiri kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi a lita guda. A aske gashin da ya manne a bakin ciwon, a shafa aidin ko shuɗin maganin nan da ake kira GV a kantunan magani. Shuɗin yana da amfani biyu: yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma ɓoye jan launi. Baƙin man inji da kananzir da wasu ke shafawa suna ƙona nama, kuma guba ne ga kazar. A lokacin damina a riƙa duba ciwon safe da yamma saboda ƙuda kan yi tsutsa a ciki.

Fatar kaza na saurin warkewa, kuma ƙaramin rauni kan kame cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ciwon da ya yi zurfi, ko ya taɓa ido, ko ya fara wari, ko naman dubura da ya zazzago, aikin likitan dabbobi ne, kamar waɗanda ke asibitin dabbobi na gwamnati da ke Gwale. Duk maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka bayar yana da kwanakin jira da aka rubuta a jikinsa, waɗanda ba a cin nama ko ƙwan kazar sai sun cika. Wadda hanjinta ya fito ba ta tashi. Yanka ta da wuri ya fi barin ta cikin azaba.

Sau da yawa kaji kan far wa wadda ciwo ya riga ya raunana. Idan wadda aka caccaka tana gyangyaɗi, ko zawo, ko murɗe wuya, ko kaji suna mutuwa bi da bi, to maganar ta wuce faɗa. Cutar Niyukasil takan yi ɓarna a lokacin hunturu, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana samar da allurar rigakafinta. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a watan Fabrairun 2006, wajibi ne a kai rahotonta ga jami'an dabbobi.

Rigakafi

Ba a mayar da mai jinya sai ciwon ya rufe. Idan lokaci ya yi, a ajiye ta kwana uku zuwa bakwai a bayan raga inda sauran za su gan ta ba tare da sun kai gare ta ba, sannan a saka ta cikinsu da daddare. Haka ake yi wa sabuwar kaza daga kasuwa, bayan ta yi aƙalla mako biyu a keɓe. Idan kaza ɗaya ce ke jagorantar ɓarnar, ita ya kamata a ware na 'yan kwanaki. Idan ta dawo takan tarar matsayinta ya ragu. Wadda ta ƙi dainawa, tukunya ce makomarta.

A sa mazubin abinci da na ruwa biyu-biyu nesa da juna, yadda babba ba za ta tare duka ba. A tanadi wurin nasa ƙwai ɗaya mai duhu ga kowace kaza huɗu ko biyar. Hasken yini da na fitila kada ya wuce awa 16. A shimfiɗa dusar katako ko ɓuntun shinkafa a watsa ɗan hatsi a ciki, a rataye ganyen zogale ko kabeji, a ajiye kwanon yashi da toka domin wanka. Mai haɗa abinci da kansa ya ƙara ƙuli-ƙuli ko soyayyen waken suya da garin kifi a kan dusa.

Manyan gonaki sukan datse bakin kaji tun suna 'yan tsaki, amma ƙasashe irin su Norwe da Suwidin sun haramta hakan saboda zafin da yake jawowa. Datse bakin babbar kaza da wuƙa mai zafi a gida kan jawo zubar jini da ƙin cin abinci. Ga mai kaji ashirin a tsakar gida, sayar da biyar domin sauran su samu sarari ya fi sauƙi, kuma ya fi riba a kan binne biyar.